Kukan Dattijuwa

Masu cewa na cika kuka a labarin nan, ku yi haƙuri, yau ma ba da dariya na zo muku ba. Wadda ta ɗora tukunya ta fara saukewa, kar a ce ni na jawo ƙauri.

Ga waɗanda yanzu suka shigo: ni ce auta a gidanmu. Babanmu ya rasu ya bar mu da Mama, da Yayana, da wata tsohuwar mota ruwan toka mai ƙofa biyu, irin masu dogon hancin nan da tayoyin baya ke turawa. Dattijuwa yake ce mata. Tun rasuwarsa take tsaye a tsakar gida cikin tamfol, tayoyi sun sace, kyanwar maƙwabta ta mai da bonet ɗinta gadon barci.

Motar nan tana da wani kuka nata ita kaɗai. Idan Baba ya karyo kwanar layinmu ya saki totur, sai ka ji gurrr, fat, fat-fat, kamar tsoho yana dariya tari na katse shi. Ko Mama tana tsakiyar faɗa da mu ne, tana jin wannan fat-fat ɗin za ta yi shiru, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗora ruwan shayi. Mu ma mun sani, duk mai laifi a ranar ya tsira.

Shi kuma wanda ya jefa ni a wannan hali bakanike ne. Abokansa Sarkin Totur suke ce masa, ni kuwa a wayata Bakanikena na rubuta, har da zuciya ja a gefe, kar ku yi min dariya. A shagon tabarau da nake aiki muka haɗu, ya zo idanu jajir, hasken walda ya taɓa shi. Ranar da ya fara rako ni gida ya hango tamfol ta ƙofa, ya nemi izini ya ɗaga gefe ɗaya. Wallahi kallon da ya yi wa motar nan ni bai taɓa yi min irinsa ba. Har durƙusawa ya yi ya leƙa ƙarƙashinta da fararen kayansa.

"Kin san abin da kuke da shi a gidan nan kuwa?" ya ce.

"Mun sani mana. Gadon kyanwa."

Yayana dai tun farko ba ya yinsa. Shi yana da ɗan takararsa, abokinsa mai kemis, mutum mai tsabtar farce da mota mai sanyi. Kullum zancen ke nan a wurin cin abinci.

"Auta, ki dubi hannun mutum kafin ki dubi fuskarsa. Wannan ko Mama ya zo gaisarwa sai an wanke tabarma."

"Ai sabulu bai ƙare a kasuwa ba, Yaya."

"Bakinki ne zai kai ki. Motar ma na gaji da ganinta, masu gwangwan zan kira su auna ta."

Mama ba ta cika sa baki ba, nata salon daban ne. Sai dai ta ce, "'Yar gidan wance an sa rana," ta ci gaba da tsince shinkafarta kamar da tire take magana. Amma ranar da Yaya ya ambaci masu gwangwan sai ta ajiye tiren.

"Auta, yaron garejin nan naki, ya iya aiki ko cika baki ne?"

"Ya iya, Mama."

"To ki ba shi makulli. Idan ya tayar da ita ya shigo min da ita gidan nan na ji kukanta ko sau ɗaya ne, ya zauna mu gaisa, zan saurare shi. Yayanki kuma ki bar ni da shi."

Jama'a, ranar ban san sanda na rungume Mama ba har shinkafa ta zube. Na kira shi ina haki, na ce ga dama ta samu, Mama na son ta ji Dattijuwa ta tashi. Washegari ya zo da motar da ke jan matattun motoci, aka fitar da ita, kyanwa na kan katanga tana hararar kowa.

Daga nan hotuna suka fara shigowa wayata. Ina tsaka da goge gilashin wani tsoho sai na ji ƙit. Hoton wani ƙarfe ne nannaɗe kamar dodon koɗi.

"Ranki ya daɗe, ga turbo. Iska zai riƙa cusa wa injin, ƙarfinta ya kusa ninkawa."

Na tura zuciya.

Wata rana kuma: "Na sauke ta ƙasa. Sabbin sifirin, gajeru, da shokozoba masu tauri. Ko a kwana ba za ta karkata ba."

Na tura zuciya biyu.

"Haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya na yi musu walda. Yanzu duka biyun tare za su riƙa juyawa, babu mai barin ɗan'uwansa."

Wannan ma har kunya ya ba ni, na ɗauka da ni yake. Na rubuta, "Allah ya bar mu tare," ya turo fuskar dariya. Faɗaɗan tayoyi, manyan birki, sabon lagireto mai sheƙi, kuloci mai ƙarfi, duk na gani, duk na yaba. Ni me na sani? A wurina gyaran mota gyaran mota ne, kamar a kai mara lafiya asibiti a dawo da shi. Sau ɗaya na ce zan leƙo garejin, ya ce ba a kallon ɗinki sai tela ya gama. So hana ganin laifi, na ce to.

Ranar Asabar ya ce zai kawo ta, da yamma kafin rana ta faɗi.

Tun safe Mama ta sa aka wanke tsakar gida, har inda baƙin mai ya yi tabo a siminti ta ce a bar shi, wurin Dattijuwa ne. Bayan azahar ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito sai na tsaya ina kallonta. Leshin nan shuɗi mai ƙananan furanni ta saka, wanda ke can ƙasan akwati, wanda rabona da ganinsa a jikinta tun Baba na da rai. Ya yi mata yawa a kafaɗa yanzu. Ta sa kwalli, ta fesa turare, ta ɗaura ɗankwali irin ɗaurinta na da, mai ɗan karkata gefen hagu.

"Me kike kallo?" ta ce. "Baƙo za a yi, ba sai a yi wanka ba?"

Ni ma na sha doguwar rigata ruwan zuma mai aiki a wuya, da mayafi marar nauyi, na sa 'yan kunnen da ya taɓa cewa suna yi min kyau. Yaya na kan kujera yana latsa waya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, fuska kamar an aiko shi karɓar gawa. Mama ta ɗora ruwan shayi, ta jawo kujerarta kusa da tagar falo mai kallon layi, ta buɗe ta duka.

Ƙit. "Na taso, ranki ya daɗe. Ki ce Mama ta shirya kunne."

Muna zaune sai muka ji wani ruri daga can bakin titi. Ban taɓa jin irinsa ba. Gilashin kabet ya fara rawa, kofuna na gogar juna, ga wani fito fiii a cikin ƙarar, sannan tau! tau! kamar an fasa wani abu. Karnukan layi suka ɗauka.

Mama ta yamutsa fuska.

"Auta, ja tagar nan kaɗan. Yaran nan marasa tarbiyya sun fara. Kar su hana ni jin ta idan ta karyo kwana."

Na miƙe zan ja tagar, sai na hango hancin motar. Ruwan toka. Dogo. Hannuna ya tsaya a kan ƙarfen taga, na kasa ja, na kasa saki. Rurin ya zo daidai ƙofar gidanmu ya tsaya, aka danna ham.

Yaya ne ya buɗe ƙofa. Ta shigo tana jan ciki, ƙasanta ya gogi dandamalin ƙofa ƙurrr, tayoyin baya na ƙiii-ƙiii a kan siminti duk da a hankali yake juyawa. Bakanikena ya kashe ta ya fito, ya sha sabon yadi fari, ya yi aski, har farcensa ya kankare. Murmushinsa har kunne. Na rantse muku ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin nasa a lokacin ba, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo.

Ya durƙusa har ƙasa. "Mama, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Sannu da hanya."

Idonta ba a kansa yake ba. Ta sauko daga baranda a hankali, ta zagaya motar, hannunta na bin jikin fentin. Shi kuma ya bi ta a baya, baki ya buɗe.

"Mama, injinta na asali ne, ban taɓa canza shi ba, ƙarfi kawai na ƙara masa. Na cire kafireta na sa na zamani. Birki kuwa, ko a guje kike kina takawa ta tsaya cak. Yanzu a garin nan kaf babu irinta, jiya har biyo ni aka yi ana tambaya ko ta sayarwa ce."

Mama ta ci gaba da zagayenta. Ta isa ƙofar gefen mai zaman banza, ta kama mariƙin da ɗan ɗagawar nan da sai ɗan gida ya san ta, ta buɗe.

Babu komai a wurin. Ƙarfe ne tsirara, an shafe shi da baƙin fenti, an ɗaure wata 'yar jar tukunyar kashe gobara a tsakiya. Kujerar baya ma babu. Ta direba kuwa wata siririya ce mai zurfi kamar kwando, da jajayen maɗaurai.

"Ina kujerata?" Mama ta ce.

"Au, Mama, ai nauyi ce. Irin waɗannan motocin, duk abin da ba ya aiki cire shi ake yi, sai ta fi tashi."

"Nauyi," Mama ta maimaita a hankali.

A kujerar nan ta zauna ranar da aka kai ta asibiti haihuwata. A nan take zama ta riƙe wa Baba kofin shayi idan za mu yi tafiya, tana yi masa faɗan gudu alhali ko keke na iya wuce shi.

"Tayar da ita in ji," ta ce.

Ya shiga da sauri ya murza makulli, ya ba ta wuta. Tsakar gidan ya ɗauka kamar rufin zai sauko. Ya saki totur, ta yi fiii, tau. Mama ta rufe ido tana saurare, ta daɗe, kamar mai neman muryar ɗanta a cikin kasuwa. Sannan ta ɗaga hannu ya kashe.

"Yaro, da tana wani abu idan an saki ƙafa. Fat, fat-fat. Ina ya tafi?"

Wallahi da bakinta ta kwaikwaya, mace mai shekarunta, cikin leshi. Shi kuwa sai fuskarsa ta washe, irin ta ɗalibin da aka yi wa tambayar da ya sani.

"Ai Mama wannan lahani ne! Salansar ce ta hude, tsatsa ta ci ta. Ita na fara cirewa tun ranar farko, kafin ma in tayar da injin. Na sa mata babban bututu miƙaƙƙe. Wannan ƙarar ba za ki sake jin ta ba, in sha Allahu."

In sha Allahu, jama'a. Har da in sha Allahu.

Mama ta gyaɗa kai. Ta mayar da ƙofar ta rufe a hankali.

"Sannu da aiki. Ka sha wahala, Allah ya biya ka. Auta, ki kawo wa baƙo ruwa."

Ta juya ta shige ɗakinta. A kicin butar shayi na ta tafasa, babu wanda ya je ya sauke. Yaya da na zata zai yi ta ruwan masifa, kallon motar kawai ya yi, idonsa ya kaɗa.

"Garin neman gira an rasa ido," ya ce. "Da masu gwangwan na bai wa, da aƙalla mun san mutuwa ta yi."

Shi ma ya shige. Aka bar ni da Bakanikena a tsakar gida, murmushinsa na gushewa kaɗan-kaɗan.

"Me na yi?" ya ce. "Don Allah me na yi?"

"Ina salansar?"

"Wace... tsohuwar? Na zuba ta cikin tarkacen da masu gwangwan ke kwasa. An daɗe."

"Kujerar fa?"

"Tana kan rumfar gareji. Auta, ki saurare ni, ruɓaɓɓen ƙarfe ne fa. Ni tunda na fara sana'a mota ba ta taɓa fita hannuna da lahani ba. Ta mahaifinki ce zan bari da huda?"

"Wa ya ce ka gyara hudar? Wa ka tambaya? Shekara da shekaru Babana na cewa gobe zai kai a toshe ta, kana zaton hanyar gareji ce bai sani ba? Ya san da ita ake gane ya dawo!"

Na tsani in yi kuka a gaban namiji, amma ranar kwalliyata duk a mayafi ta ƙare.

"Duk abin da na yi na turo miki," ya ce a sanyaye. "Ba ki taɓa cewa a'a ba."

"Hoton salansa ka turo min?"

Can ya ce, "Ni ba ni da kemis, Auta. Ba ni da farar riga. Abin da na iya ke nan, shi na zuba gaba ɗaya don Mama ta ga ba ɗan wasa ba ne ni."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma a daidai lokacin na jiyo ƙarar murfin akwatin Mama daga ɗaki, na san leshin ne ake mayarwa.

"Ɗauki motarka ka tafi," na ce. "Wannan ba tamu ba ce."

Haka ya fita da ita, a hankali iya ƙoƙarinsa, amma duk da haka sai da gilashin kabet ya yi rawa.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu kamar an yi sabuwar rasuwa. Mama na cin abinci, tana amsa gaisuwa, amma kullum da safe sai ta share wurin tabon man nan, alhali babu abin sharewa. Washegarin abin muka tarar da kujerar a bakin ƙofa, an lulluɓe ta da leda. Yaya ya shigo da ita. Mama ta ce a ajiye mata a baranda, kuma tun ranar a kanta take zama da yamma.

Ni kuwa na daina ɗaga kiransa. Na goge jar zuciyar daga sunansa, na mayar, na sake gogewa. A shago na bai wa wata mata tabaran wani, har mai shagon ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Yaya ya fara shigowa da gaisuwar mai kemis, wannan karon babu gatse, wanda ya fi gatsen zafi. Da na kai wa Mama ƙara sai ta ce:

"Ni ban ce ki auri wane ba, ban ce ki bar wane ba. Yaron ba mugu ba ne. Amma mutumin da zai cire abu bai tambayi na wane ne ba, ki yi tunani da kyau. Aure duk tsofaffin hudoji ne, Auta."

Ranar Lahadi da hantsi ina ɗakina ina ninke kayan wanki, wayar na ta ƙit, ƙit, ƙit a kan gado. Na ce bari dai in buɗe in ce ya daina. Saƙonnin murya ne jere, sun cika fuskar wayar, rubutu ɗaya ne kawai a samansu.

"Ranki ya daɗe, ba haƙuri na zo bayarwa ba, na san bai isa ba. Na cire turbo. Na mayar da kafireta da sifirin ɗinta. Na bi masu gwangwan har inda suke kaiwa, an riga an narkar da ita. Na sayo tsofaffin salansa irin nata, ina huda su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaurawa. Na ga hudar da idona ranar, amma ban kalle ta ba. Ni ban taɓa jin kukan ba. Ki saurara ki gaya min wanne ne."

Na zauna a bakin gado. Mutumin da mota ba ta taɓa fita hannunsa da lahani ba, yana can yana huda ƙarfe da gangan.

Na danna na farko. Gurrr, fot-fot. Na danna na biyu. Gurrr, fat-fat-fat, da sauri. Na uku ya yi kauri, na huɗu kamar shi, na gaba ma kamar shi. Na koma farko. Na rufe ido na kira Baba a raina yana karyo kwana, na ga hannunsa a kan sitiyari, na ga hularsa, na ga Mama na gyara ɗankwali. Komai na gani, amma kukan ya ƙi zuwa. Rurin ranar Asabar kawai ke cikin kunnena. Ni da na kori mutum a kan wannan kukan, ashe ni ma ya kuɓuce min ban sani ba. Na kifa fuskata a kan zanin da nake ninkewa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Baba.

Wayar na hannuna tana ta bin saƙonnin da kanta, ɗaya na ƙarewa ɗaya na kamawa. Ban ji buɗe labule ba. Ɗagowa kawai na yi na ga Mama tsaye a bakin ƙofa, tsintsiya a hannunta.

"Wane ne wannan?"

Na miƙa mata wayar. Ta karanta rubutun a hankali, tana nisanta shi da idonta don ba ta sa tabarau ba. Sannan ta jingina tsintsiyar, ta zauna kusa da ni.

"Kunna min na ƙarshen nan."

Na kunna. Gurrr, fat, fat-fat. Ta karkata kai, leɓɓanta na motsi.

"Ba ita ba ce," ta ce.

Hannunta ya tafi kan ɗankwalinta, ta gyara ɗaurin, ban jin ta san ta yi. A saman wayar ina gani yana rubutu yana gogewa, yana rubutu yana gogewa, yana jiran abin da zan ce.

"Ba ita ba ce," Mama ta sake faɗa. "Sake kunna min."